Gefen Tuwon da Ba a Taɓa Ba

A layinsu na Alabar, cikin zangon Kumasi, babu magidancin da ke cin tuwon dare a ɗakinsa. Da an sallame magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon Alidu kafinta, kowane gida ya fito da kwanonsa, a jera a tsakiya, maza su kewaye. Ciyayya ke nan. Hannu yana yawo daga miyar ayoyo zuwa ta kuɓewa, ba mai lura da lomar wani. Mata kuwa suna ciki, abin da suka sani game da cin mazansu shi ne abin da kwano ya faɗa musu in ya dawo.

Kwanon Hamamatu 'yar garin Salaga, matar Alidu, bai taɓa ba ta kunya ba. Kullum a suɗe yake dawowa, kamar an wanke. Har matan layi kan yi mata tsiya, su ce ko sukari take sa wa miyarta.

Gaskiyar magana, babban mai suɗe kwanon nan shi ne Baba Boukari, wani tsohon soja mutumin Moshi da ke zaune a gidan da ke kallon nasu. Alidu Dagomba ne, su kuwa Dagomba suna cewa 'yarsu ce ta haifi Moshi, saboda haka duk wani Moshi jikansu ne, ko da furfura ta rufe masa kai. Boukari ya girmi Alidu nesa ba kusa ba, amma Kaka yake kiransa, kuma abin kaka ai na jika ne. Da an ajiye kwanon Hamamatu sai ya jawo shi gabansa.

"Kaka, kai ka ci naka zamanin. Bar wa yara."

"Ci, maraya," in ji Alidu. "A garinku ai sai ranar salla ake ganin manja."

A yi dariya, a ci gaba da ci.

A shekarar 1969 Alidu ya fara ramewa. Hamamatu ta lura tun da damina, da ta ga ya ƙara wa mazagin wandonsa ƙulli. Ta yi magana, ya ce aiki ne. Ta dubi kwano, kwano ya ce ana ci. Sai ta ƙara yawan tuwon, ta ƙara kifi a miya, kwano ya ci gaba da dawowa a suɗe. Da azumi ya kama kuwa, rama ta sami wurin fakewa, don kowa ma ya rame.

Ana cikin azumin ne gwamnati ta fitar da dokar nan ta cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Zango ya rikice. Mutanen da aka haifi 'ya'yansu a Alabar, aka yi musu aure a Alabar, suka shiga ɗaure kaya. Kowa yana neman akwatin katako, Alidu ya wuni yana buga ƙusa da azumi a bakinsa, wasu ma bai karɓi ko kwabonsu ba. In ya miƙe jiri ya ɗebe shi, sai ya dafa bango ya ce zafin rana ne. Lori bayan lori suka tashi daga tasha. Tabarmar ciyayya ta yi ta raguwa: mai goro ya tafi Sakkwato, Bazabarmen nan mai sayar da yadi ya tafi, limamin ƙaramin masallaci ya bi ɗansa. Alidu ɗan ƙasa ne, dokar ba ta shafe shi ba, amma Moshi baƙi ne daga ƙetaren iyaka. Boukari dai an bar shi saboda takardunsa na soja, amma ɗansa da surukarsa, wadda ke dafa masa abinci, ba su sami takarda ba. Tsoho ya raka su tasha, ya dawo gida shi kaɗai.

Bayan salla aka sake shimfiɗa tabarma, Alidu da Boukari kaɗai a kanta, kwano ɗaya a tsakaninsu.

Da kwanon ya dawo, Hamamatu ta buɗe don ta zuba ruwa, sai ta tsaya. An cinye rabin tuwon tas, har ƙasan kwano yana ƙyalli. Ɗaya gefen kuwa yana nan yadda ta kwashe shi, da shatin marar da ta shafe shi da ita, in ban da wani ɗan gutsure a baki, wanda ko yaron goye ya fi shi. Ta ce a ranta wataƙila kewar mutane ce. Kashegari ma haka. Ranar da ta biyo baya ba ta zauna a ciki ba, ta tsaya a bayan ƙyauren zaure tana leƙe ta tsagar katako, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

Ta ga hannun mijinta yana zuwa kwano yana dawowa, kamar na kowane mai ci. Sai dai miya kawai yake dangwalowa, ya lasa, ya ɗauko wani dogon labari. In Boukari ya ɗago kai, sai ya tura masa kifin da ke gefensa. Hannun ya iya aikin nan ƙwarai, da gani ba jiya ya koya ba.

Da safe ta same shi a shago yana fere wani katako. Ta ajiye masa koko, ba ta tafi ba.

"Baban Azaratu," ta ce, don da sunan 'yarsu da ke aure a Tamale take kiransa, "yaushe rabonka da ka ci ka ƙoshi?"

Ya yi murmushi, bai ɗago ba. "Ƙoshin ai shi ne ya dame ni. Loma biyu na ƙoshi. In na ƙara ta uku sai ta tsaya min nan kamar na haɗiye dutse." Ya nuna saman cikinsa da ƙotar abin fira.

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan jima."

"Tun kafin damina?"

Ya ci gaba da fere katakonsa. Ta kama hannunsa ta juya tafin. Fari fat, kamar na wanda ya wuni yana wanki. Sai da ta yi ta lallaɓa shi, yana kauda kai don kunya, sannan ya faɗa mata cewa bayan gidansa ma ya daɗe yana fita baƙi ƙirin kamar kwalta. Ya ce ya sha saiƙo, ya sha rubutu, ya ga kamar da sauƙi.

"Rubutu za ka ci gaba da sha," in ji Hamamatu. "Amma gobe asibiti za mu."

A babban asibiti aka yi ta yawo da su. Aka ɗebi jini. Wata rana aka ba shi wani farin ruwa mai kauri kamar an dama alli, ya sha da ƙyar, aka ɗauki hoton cikinsa. Daga bisani aka shigar da su wurin likitan fiɗa, wani Asante mai sanƙo, mai magana a hankali. Da Twi, yaren Asante, yake magana, wata nas 'yar Bawku tana mayar wa Hamamatu da Hausa inda ta kasa kamawa.

Likita ya dunƙule hannunsa ya ɗaga. Ya ce su ɗauka dunƙulen nan shi ne tumbi, wuyan hannun kuma farkon ƙaramin hanji, inda abinci ke bi ya wuce. Ya ɗora babban yatsansa daidai mahaɗar.

"Ƙari ne a nan. Ya matse hanya, shi ya sa yake ƙoshi da wuri. Yana kuma tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, shi ne baƙin da yake gani."

"Ciwon daji ne, Dokta?" in ji Alidu.

"Ina zaton haka, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba irin wanda muka saba gani ba ne. Wanda muka saba gani daga fatar cikin tumbi yake farawa, yana kuma saurin yaɗuwa. Wannan, yadda siffarsa ta fito a hoto, daga tsokar bangon ya tsiro. Tun da na fara aiki kaɗan na gani irinsa. Mugu ne shi ma, sai dai yakan daɗe a wuri ɗaya yana girma kafin ya yi tafiya. In muka buɗe muka tarar bai tafi ko'ina ba, za mu cire shi ɗungurungum, tare da wani sashe na tumbin."

Hamamatu ta ce, "To a cire yau mana."

Likita ya girgiza kai. Ya ce jikin nan yadda yake ba zai ɗauki wuƙa ba, ba jini, ba nama, ɗinki ma ba zai kama ba. Su koma gida da ƙwayoyin ƙarin jini, a riƙa ba shi abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini: ƙwai, hanta, kifi, madara, koko. Su kuma nemo masu ba da jini. Za a riƙa ɗora shi a sikeli duk mako. Amma kada su ɗauka lokaci nasu ne, ƙarin ba jiransu yake ba.

Hamamatu ta ajiye tukunyar tuwo. Ta sayo ƙananan tasoshi, ta shiga dama koko mai ruwa-ruwa da madara, tana kirɓa hanta a turmi, tana tsame ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya. Tasa ta fita shago da hantsi, ta fita da azahar, ta fita da la'asar. Tasa ta dawo wayam. Amma da aka ɗora Alidu a sikeli, sai aka ga ya ƙara raguwa.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta san abin da ke faruwa, ta kuma san dalili. Cin yana yi masa zafi, yana tsoronsa. Ga kuma tsoho da ke wuni a bencin shago, ba mai girka masa komai. Alidu ya sami hanyar da zai guje wa zafi ya kuma yi alheri a lokaci guda, wa zai raba shi da ita?

Ta yafa mayafi ta tsallaka gidan Boukari. Ta same shi a tsakar gida yana wanke rigarsa da kansa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"A'a, matar Kaka da kanta. An kawo wa jika ƙosai ne?"

"Baba, hantar jiya ta yi daɗi?"

"Ta yi, sai dai gishiri ya yi kaɗan. Na ce wa Kaka ya gaya miki."

"Ba taka ba ce, Baba. Magani ce."

Ta faɗa masa duk abin da likita ya ce, har da zancen sikeli. Ashe Alidu ce masa ya yi gyambon ciki ne kawai, an ba shi ƙwaya. Tsoho ya saki rigar cikin bokiti.

"Ni na zaci wasa muke," ya ce.

"Wasa kuke yi. Shi ne ya ɓuya a cikin wasan."

"To daga yau na bar zuwa shagon."

"In ka bar zuwa, kaji zai zuba wa. Zuwa za ka yi." Ta gyara zama. "Ni ba ya ci a gabana, ka san halinsu. In na matsa, ya ce na mayar da shi yaro. Amma akwai abin da ba zai iya gani ba, ya ga baƙo da yunwa a ƙofarsa. Tasa biyu zan riƙa aikowa, taka da tasa. Kada ka kai loma baki sai ya kai."

Boukari ya dube ta. "In ya ƙi fa?"

"Sai ku kwana da yunwa ku biyu."

"Ke 'yar Salaga, ba ki da tausayi," in ji tsoho. Ya ɗauko rigarsa ya matse. "Yoo, na ji. Na yi yaƙin Bama da busasshen biskit. Aiko."

Da azahar ta aika, ta koma bayan ƙyaure. Alidu ya buɗe tasarsa, ya sa cokali ya juya, ya tura ta gaban Boukari kamar yadda ya saba. Boukari ya turo masa ita. Ya naɗe hannu a ƙirji, tasa tasar ma bai buɗe ba.

"Yau jika ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyata lau. Tarbiyya na koyo. An ce yaro ba ya riga kakansa sa hannu."

"Yaushe Moshi suka san tarbiyya?"

"Jiya da yamma aka aiko mana da ita a lori. Ci in ci."

Alidu ya yi dariya, ya koma kan aikinsa. Abinci ya huce a wurin. Da la'asar aka sake kawowa, aka sake yin haka. Da magariba cikin tsoho ya fara kuka, har Hamamatu tana jiyowa daga zaure, ta ji kamar ta fito ta ce a fasa. Ta cije.

"Boukari," in ji Alidu, ya bar wasa, "kai tsoho ne. Tun safe ba ka sa komai a cikinka ba."

"Wa ya hana ni in ba kai ba?"

"Zafi yake min."

"Na sani. Matarka ta gaya min, tunda kai ka mayar da ni kwandon shara, kana zuba min maganinka." Muryar tsoho ta sauka. "Duk sun tafi, Kaka. Tabarmar nan saura ni da kai. In ka tafi, wa zan zaga?"

Alidu ya jawo tasar gabansa. Sannan ya ɗebi rabin cokali ya kai baki, ya runtse ido ya haɗiye. Boukari ya ɗebi rabin cokali daidai, ya kai nasa bakin.

"Ka cika cokalin mana," in ji Alidu.

"Kai ka cika."

A ranar cokali kaɗan suka ci, su biyun. Kwanakin da suka biyo baya ba duka ne suka yi kyau ba. Akwai ranar da Alidu ya amayar da komai, ya ce a ƙyale shi ya mutu cikin mutunci, Boukari ya ce ba Dagomban da ya taɓa mutuwa cikin mutunci, ba kuwa a kansa za a fara ba. Akwai ranar da Hamamatu ta ga wuyan tsoho ya zurma, ta kai masa tuwo gida a ɓoye, ya ce ta mayar, soja ba ya cin hanci a bakin aiki. Ita kuwa ta koyi abin da cikin mijinta ke karɓa: koko mai ɗumi ya fi mai zafi, ƙwai in an kaɗa shi cikin romo ya fi dafaffe, in ya ci ya zauna a miƙe kada ya kishingiɗa. Sikeli ya tsaya cak mako guda. Mako na gaba allurar ta ɗan motsa, nas 'yar Bawku ta ƙwanƙwasa gilashin da farce don ta tabbata, ta ce, "Ya hau."

Zancen jini ya so ya ba su wuya, don waɗanda za a fara tunkara duk suna can ƙasashensu. Boukari ya tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya yi magana, mahauta biyu suka biyo shi. Wani Asante mai sayar wa Alidu katako ya turo 'ya'yan 'yar'uwarsa. Hamamatu ma ta miƙa hannunta. Boukari ya naɗe hannun riga shi ma, aka ce ya tsufa, ya yi ta mita wai an hana Kaka damarsa ta ƙarshe ta samun jinin Moshi ya zama mutumin kirki.

Bayan babbar salla, a farkon 1970, aka shiga da Alidu ɗakin fiɗa da safe. Hamamatu ta zauna a benci tana jan carbi, Boukari yana kai da kawowa a baranda har wani ma'aikaci ya roƙe shi ya zauna. Rana ta take, aka yi azahar. Sai ga likita ya fito yana goge sanƙonsa da hankici.

Ya ce ƙarin ya kai girman lemon zaƙi, sun cire shi gaba ɗaya bai fashe ba, tare da ƙasan tumbi da ɗan bakin hanji, sun haɗa abin da ya rage. Sun duba hanta da kewaye, iyakar abin da ido da hannu ke iya gani, ba su ga ya tafi ko'ina ba. Za a aika da shi a duba a tabbatar da irinsa. Ya ce ba zai yi musu alkawarin ba zai dawo ba, irin wannan sai an yi shekaru ana sa ido, su riƙa zuwa duk ranar da aka sa musu. Tumbinsa kuma ya zama ƙarami har abada, cin kaɗan-kaɗan ya zama nasa.

"Amma naman ya riƙe zare," ya ce wa Hamamatu. "Da kun kawo min shi yadda na fara ganinsa, da ban yi ba."

Kafin ta buɗe baki ta yi godiya, Boukari ya riga ya yi ta a madadinta, da Twi ɗinsa na barikin soja, har likita ya yi dariya.

Kwanaki aka yi ba a ba Alidu komai ta baki ba, sai ruwa ta jijiya, da roba a hanci. Sannan aka cire robar, aka fara ba shi kurɓin ruwa. Ranar da aka yarda ya sha koko, Hamamatu ta dama shi tsararo, ta tace, ta kawo a kofi. Nas ta tsaya a kansu ta ce cokali uku, kada a ƙara. Ya sha na farko a tsorace, yana jiran dutsen nan ya tsaya masa a ƙirji. Ya saurari cikinsa. Ya sha na biyu, ya sha na uku. Nas ta karɓe kofin.

Alidu ya bi kofin da ido.

"Shi ke nan?"

"Sai la'asar," in ji nas.

"La'asar ai da nisa." Ya juya ga matarsa, ya rage murya kamar mai shirya sata. "In ta fita, miƙo min ɗaya."

"Ba zan miƙo ba," in ji Hamamatu.

Ta rufe kofin da faranti, ta ɗora a kan cinyarta ta riƙe da hannu biyu, ta zauna tana jiran la'asar tare da shi.